Dabarar Tumatir: Yadda Ake Tsayar da Hankali a Kan Aiki Ɗaya

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, zan fara wannan maƙala da abin da ba kowa ke son faɗa a bainar jama'a ba. A lokacin da nake aji biyu na faɗi kwas ɗin Tsarin Sautin Hausa. Ni Bayarabe ne, haifaffen Ogbomosho, kuma ban fara koyon Hausa ba sai da na shiga makarantar sakandare. Mahaifiyata ce ke biya mini kuɗin makaranta da ribar alabon da take sayarwa a kasuwa. Ranar da aka liƙa sakamako a allo, abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne fuskarta, domin na san idan na sake faɗuwa zan ƙara shekara guda a jami'a, kuma ita ce za ta ɗauki nauyin wannan shekarar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ina ganin na yi karatu. Kusan kowane dare nakan tafi ɗakin lacca tun ƙarfe goma, ba na komawa ɗaki sai ƙarfe huɗu na asuba. Da wannan hujjar na je ofishin malamin kwas ɗin. Na ce masa, "Malam, Allah ya sani ina ƙoƙari. Awa shida nake yi kullum." Ya dube ni ya ce, "Awa shida kana zaune, ko awa shida kana karatu?" Na rasa amsa. Sai ya ce in tafi da takarda a daren nan, duk lokacin da na taɓa waya, ko na yi magana da wani, ko na canza littafi, in ja layi ɗaya. Na yi yadda ya ce. Kafin awa ɗaya ta cika na ƙirga layi 23.

Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wata dabara da na koya bayan wannan dare, wadda aka fi sani da suna Pomodoro. Zan faɗi asalinta, da yadda ake yin ta, da dalilan da suka sa take aiki, da yadda na yi amfani da ita wajen koyon Hausa, da kuma wuraren da take gazawa.

Taura Biyu

Kafin in shiga bayanin dabarar, ya kamata a san cutar da take magani. A unguwar Sabo akwai wani dattijo Bagobiri mai ɗinkin hula, wanda nakan je wurinsa ranar Asabar domin in goge bakina da Hausa. Kamar yadda aka sani, akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa, saboda haka ba ya raga mini. Wata rana yana ba ni labarin yadda ake fitar da zanen hula, ni kuwa ina amsa saƙo a waya, ina gyaɗa kai. Ya yi shiru, ya ce, "Kai Bayarabe, me na ce yanzu?" Na ce, "Baba, ina jin ka." Ya ce, "To maimaita." Na kasa. Ya yi dariya ya ce, "Taura biyu ba ta taunuwa. Ka ga allurar nan? Idan na ɗauke ido daga kanta na koma, sai na sake ƙirgo zaren daga baya kafin in gane inda na tsaya."

Abin da wannan dattijo ya faɗa, masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gwada shi. Mutum ba ya yin ayyuka biyu masu bukatar tunani a lokaci guda. Abin da yake yi shi ne tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma kowane tsalle yana cin lokaci, yana ƙara kuskure. A shekarar 2009 wata mai bincike a Amurka, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a kan na farkon, sai na biyun ya ƙi yin kyau. Ke nan idan na karanta saƙo ban ba da amsa ba, na koma kan littafi, idona ne kawai ya koma. Zuciyata tana can tana shirya amsa.

Wata farfesa kuma a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da ma'aikata ke tsayawa a kan abu ɗaya a allon kwamfuta kafin su sauya. A shekarar 2004 ta sami kimanin minti biyu da rabi. A 2012 ya sauko zuwa daƙiƙa 75. A littafin da ta fitar a 2023 ta ce ya koma kimanin daƙiƙa 47. Da na karanta wannan sai na gane cewa layukana 23 ba baƙon abu ba ne. Amma wannan bai rage mini komai ba, tun da jarrabawa ba ta tambayar ko mu nawa ne masu wannan hali.

Asalin Dabarar

Wanda ya ƙirƙiro dabarar wani mutumin Italiya ne mai suna Francesco Cirillo. A ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibin jami'a, kuma yana fama da irin abin da na yi fama da shi: zama mai yawa, fahimta kaɗan. Sai ya yi caca da kansa ko zai iya yin karatu na gaskiya na 'yan mintoci ba tare da ya ɗaga kai ba. Ya shiga kicin ya ɗauko wani ɗan agogo da ake murɗawa domin auna lokacin dahuwar abinci. An ƙera agogon da siffar tumatir, kuma a harshen Italiyanci sunan tumatir shi ne pomodoro. Daga nan dabarar ta sami sunanta.

Ya ci gaba da gwada tsawon lokaci iri-iri har ya tsaya a kan minti 25. Daga baya ya koyar da dabarar ga ma'aikatan da ke rubuta manhajar kwamfuta, ya rubuta bayaninta a shekarar 2006, sannan aka buga sabon littafinsa a kanta a 2018. A yau akwai manhajoji masu yawa da aka yi dominta, amma shi kansa da agogon murɗawa da takarda da fensir ya fara, kuma su ne ya fi so a yi amfani da su.

Yadda Ake Yin Ta

Matakan ba su da wuya.

1. Ka rubuta ayyukan da za ka yi a yau, ka zaɓi guda ɗaya.
2. Ka saita agogo a kan minti 25.
3. Ka yi wannan aikin shi kaɗai har agogo ya buga.
4. Ka sa alama a takarda cewa ka cika zama ɗaya.
5. Ka huta na minti uku zuwa biyar.
6. Bayan zama huɗu, ka yi dogon hutu na minti 15 zuwa 30.

Idan aka yi lissafi, zama huɗu minti 100 ne na aiki. Idan aka ƙara gajerun hutu uku na minti biyar-biyar, ya zama minti 115, wato awa biyu ba minti biyar.

Akwai kuma wasu ƙa'idoji da yawancin masu ba da labarin dabarar ke tsallakewa, alhali su ne ƙashin bayanta.

Ƙa'ida ta farko: ba a raba zama. Babu rabin tumatir. Idan ka yi minti 15 sannan ka tashi ka bi abokinka, wannan zaman ya rushe, ba za ka sa masa alama ba. Da farko na ga kamar tsanani ne. Daga baya na gane hikimarsa, domin idan ka kai minti 18 wani ya kira ka, sai ka ji ƙyashin asarar abin da ka tara.

Ƙa'ida ta biyu: idan agogo ya buga, ka tsaya, ko da kana tsakiyar jimla. Idan kuma ka gama aikin kafin ya buga, kada ka tashi. Ka yi amfani da sauran mintocin ka bita abin da ka yi.

Ƙa'ida ta uku: idan aiki zai ci fiye da zama biyar zuwa bakwai, ya yi girma, a gutsuttsura shi. Idan bai kai zama ɗaya ba, a haɗa shi da wasu ƙananan ayyuka.

Ƙa'ida ta huɗu ta shafi katsewa. Cirillo ya kasa ta gida biyu. Akwai wadda ke tasowa daga cikin zuciya, kamar ka tuna ba ka wanke kaya ba, ko ka ji kana son sanin yadda aka tashi wasan ƙwallon jiya. Idan ta zo, ka sa ɗan ɗigo a takarda, ka rubuta abin a gefe, ka ci gaba da aikinka. Akwai kuma wadda ke zuwa daga waje, kamar kira ko baƙo. Ita kuma ka ja ɗan layi, ka sanar da mutumin cewa kana cikin aiki, ku sa lokacin da za ka neme shi, sannan ka cika alkawari.

Ƙa'ida ta biyar: da dare ka duba takardarka. Zama nawa ka yi zaton aiki zai ci, nawa ya ci? Ɗigo nawa, layi nawa? Wannan bitar ce ke mayar da dabarar ta zama madubi.

Me Ya Sa Take Aiki?

Dalili na farko shi ne tana sauƙaƙa farawa. Idan na ce wa kaina zan karanta Tsarin Sauti, aikin ba shi da baki ba shi da iyaka, sai zuciya ta nemi mafaka a waya. Idan kuwa na ce zan yi minti 25 ina sa alamar karin sauti a kan kalmomi 20, na san inda zan fara, na san inda zan tsaya. Ko malalaci yana iya jure minti 25.

Dalili na biyu shi ne tana sa wa aiki iyaka. A shekarar 1955 wani marubucin Ingila, Cyril Northcote Parkinson, ya yi wani rubutu na barkwanci a mujallar The Economist, inda ya nuna cewa aiki yakan kumbura ya cinye duk lokacin da aka ba shi. Ba da gwajin kimiyya ya zo da maganar ba, amma duk ɗalibin da aka ba shi jinga ta mako uku ya rubuta ta a daren ƙarshe ya san akwai gaskiya a ciki. Ni da na ba karatuna awa shida, sai aikin awa ɗaya ya miƙe ƙafa ya cika awa shidan.

Dalili na uku shi ne an yanke shawarar hutu tun kafin a fara. Wanda bai sa lokacin hutu ba, kowane minti yana tambayar kansa ko yanzu ne zai duba waya. Wannan tambayar ita kanta tana gajiyarwa. A shekarar 2023 wasu masu bincike a Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun kasa ɗalibai gida uku. Wasu suna aikin minti 24 su huta minti shida, wasu minti 12 su huta uku, wasu kuma aka bar su su huta lokacin da suka ga dama. Waɗanda aka bar wa zaɓi sun fi daɗewa a zaune, sun fi daɗewa a hutu, kuma sun fi kukan gajiya da rarrabuwar hankali. Amma wajen kammala aikin da aka sa a gaba, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Abin da na fahimta a nan shi ne dabarar ba ta ƙara wa mutum basira. Tana dai rage masa wahala da ɓata lokaci.

Dalili na huɗu shi ne tana hana mutum yaudarar kansa. Awa shida a ɗakin lacca magana ce mai daɗin faɗa. Alama uku a takarda kuwa minti 75 ne, babu ƙari. A makon farko da na fara, ban taɓa wuce zama huɗu a rana ba. Na ji kunya, amma aƙalla na san gaskiyar inda nake.

Yadda Na Yi Amfani da Ita Wajen Koyon Hausa

Agogo ba ya gaya wa mutum abin da zai yi a cikin minti 25. Idan ka cika su da aikin banza, ka yi aikin banza cikin natsuwa. Saboda haka sai na haɗa dabarar da wasu abubuwa biyu da bincike ya tabbatar.

Na farko, rarraba karatu a kan kwanaki. Tun a shekarar 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada kansa da haddar gaɓoɓi marasa ma'ana. Ya gano cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko bayan koyo, kuma maimaici da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya. Na biyu, gwada kai. A shekarar 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun ba ɗalibai wani rubutu a Amurka. Wasu suka yi ta maimaita karanta shi, wasu kuma suka rufe shi suna rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa sun fi. Da aka gwada su bayan mako guda, masu rufe littafi ne suka yi gaba. Wannan ya bayyana mini dalilin da ya sa nake fita daga karatun dare ina jin na iya, in shiga jarrabawa in tarar babu komai.

Ga yadda na kasa ayyukana.

Karin sauti da tsawon wasali. Na ɗauka wannan zai zo mini da sauƙi, domin Yarbanci yana da karin sauti uku, na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma muna sa alamarsu a rubutu. Sai na tarar Hausa tana da na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, kuma rubutun yau da kullum ba ya nuna su, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Kuka na hawaye da kuka ta miya rubutunsu ɗaya, karin sauti ne ya raba su. Gari na mutane da gari na tuwo su ma rubutunsu ɗaya, tsawon wasalin farko ne ya raba su. A zama ɗaya nakan ɗauki kalmomi 20, in sa musu alama da kaina, sannan in buɗe ƙamus in duba. Ƙamusun Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 su ne na fi amfani da su a laburare. Duk wadda na kuskure sai ta shiga jerin gobe.

Jinsi da jam'i. Yarbanci ba ya raba namiji da mace a nahawu, kuma suna ba ya sauya siffa idan ya zama jam'i. A Hausa kuwa gida ya koma gidaje, hanya ta koma hanyoyi, kare ya koma karnuka, ƙasa ta koma ƙasashe, littafi ya koma littattafai. Na yanka takardu ƙanana, tilo a gaba, jinsi da jam'i a baya. Zama ɗaya kowace safiya na waɗannan takardun ne.

Azuzuwan aikatau. F. W. Parsons ya kasa aikatau na Hausa zuwa aji bakwai a shekarar 1960. Da can nakan zauna in yi ta kallon jadawalin. Yanzu nakan ɗauki saiwa ɗaya a kowane zama, in gina jimloli da ita: ya sayi doya, ya sayo doya, ya sayar da doya, ya saye doyar, doyar ta sayu. Sannan in faɗi ajin kowanne da abin da ya ƙara wa ma'ana.

Adabi. Idan ina karanta Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, duba ƙamus shi ne babban mai katse ni. Kowace baƙuwar kalma sai na tsaya, har in manta inda labarin ya dosa. Sai na raba aikin biyu. A zama na farko karatu kawai, ina ja wa baƙin kalmomi layi da fensir. A zama na biyu ƙamus kawai. A na uku in rufe littafin in rubuta labarin da Hausata.

Sauraro. Nakan saurari shirin labarai na sashen Hausa na BBC ko na Muryar Jamus, in rubuta abin da na kama. Wannan shi ne zaman da ya fi haɗari, domin da waya ake yin sa. Saboda haka nakan sauke shirin tun da rana, in kashe data kafin in fara.

Abubuwan da Ke Katse Mu a Nan

Cirillo bai zauna a ɗakin kwanan ɗalibai mai mutum takwas ba, don haka dole mu yi wa dabarar kwaskwarima.

Na farko ita ce waya. A shekarar 2017 wasu masu bincike ƙarƙashin Adrian Ward na Jami'ar Texas da ke Austin sun gwada ɗalibai da ayyukan tunani. Wasu wayarsu tana kan tebur, wasu a aljihu ko jaka, wasu a wani ɗaki dabam. Waɗanda wayarsu ke wani ɗaki ne suka fi yin kyau. Wasu da suka sake gwajin daga baya ba su sami wannan bambancin ba, saboda haka maganar ba ta zama yankakkiya ba. Amma ni takardata ta ishe ni hujja: yawancin layukana 23 na waya ne. Na sayi agogon hannu mai araha mai ƙararrawa, wayar kuwa tana cikin jaka a kashe. Wanda ba shi da agogo, ya sa wayar a yanayin jirgin sama, ya kife ta nesa da hannunsa.

Na biyu su ne abokai. A al'adarmu, ta Yarbawa da ta Hausawa, ba a wuce mutum ba gaisuwa, kuma wanda aka gaishe shi bai amsa da kyau ba ya yi laifi. Ban daina amsa gaisuwa ba. Abin da na yi shi ne na bayyana wa abokan ɗakina dabarar tun da wuri. Yanzu idan wani ya zo, nakan ce, "Ɗan'uwa, saura minti goma, zan same ka." Sirrin shi ne in same shi ɗin. Da suka ga ina cika alkawari sai suka daina jin haushi. Har sun sa mini suna Mai Tumatir. Idan kuwa babba ne ya kira, ko wani ba shi da lafiya, nakan tashi nan take in soke zaman. Ba a fifita alama a takarda a kan mutum.

Na uku ita ce wutar lantarki. Nakan ajiye ayyukan da ba sa bukatar haske sosai, kamar sauraro da maimaita kalmomi da baki, domin lokacin da aka ɗauke wuta. Ayyukan ƙamus da rubutu kuwa da rana nake yin su.

Na huɗu shi ne hutun kansa. Minti biyar a TikTok ko WhatsApp ba ya tsayawa a minti biyar. Na sha shiga da niyyar hutu in farga bayan rabin awa. Hutu na gaskiya shi ne ka miƙe, ka sha ruwa, ka wanke fuska, ka ɗan taka. Saƙonni su jira dogon hutu.

Inda Dabarar Take Gazawa

Ba zan ce muku maganin kowace cuta ba ce. Minti 25 ba doka ba ce da aka saukar, adadi ne da mutum ɗaya ya ga ya dace da shi. Yanzu da nake aji huɗu ina rubuta kundin digiri, na lura idan rubutu ya kankama, ƙararrawa takan yanke mini tunani a daidai lokacin da ya fara gudana. Saboda haka a ranakun rubutu nakan yi minti 50 in huta goma. Wanda kuma hankalinsa ya saba da tsalle ƙwarai, ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa. Abin da ba ya canzawa shi ne aiki ɗaya, da lokacin da aka yanke tun farko, da hutu.

Haka kuma akwai haɗarin mutum ya koma bautar alama, yana tara zama goma a kan aiki mai sauƙi yana guje wa mai wuya. Na taɓa shafe kwana uku ina kwafe darasi da kyakkyawan rubutu, takardata cike da alamomi, kaina babu abin da ya ƙaru. Maganin wannan shi ne a ba aikin da aka fi tsoro zama na farko.

Bugu da ƙari, dabarar ba ta maye gurbin barci, ba ta maye gurbin shiga aji. Ba ta kuma maye gurbin zama da masu harshe. Ba na kai agogo wurin Baba mai hula. Hira ba ta son ƙararrawa, kuma abin da nake samu a bakinsa a yammaci ɗaya babu ƙamusun da zai ba ni. Abin da kawai na ɗauka daga dabarar zuwa can shi ne kashe waya.

Kammalawa

Da na sake ɗaukar kwas ɗin a aji uku, na daina karatun kwana. Na tsaya a kan zama takwas a rana, huɗu da sassafe, huɗu da yamma, kwana shida a mako. Zama takwas minti 200 ne, wato awa uku da minti 20. A mako ya kama awa 20. Bai kai awoyin da nake kashewa a ɗakin lacca a da ba, amma na ci kwas ɗin da maki mai kyau, kuma ban ƙara shekara ba. Da na koma ofishin Malam na nuna masa takardun alamomina, ya jujjuya su ya ce, "To, yanzu ka fara karatu."

Shawarata ga ƙannena na aji ɗaya da na biyu, musamman waɗanda Hausa ba harshen uwa ba ce a gare su kamar ni, ita ce kada ku gaskata ni, ku gwada. A daren yau ku yi abin da Malam ya sa ni: ku karanta na awa ɗaya yadda kuka saba, kuna jan layi duk lokacin da hankalinku ya bar littafi. Gobe ku zaɓi aiki ɗaya ƙarami, ku kashe waya, ku saita minti 25. Ku yi haka na mako guda, sannan ku ɗora takardun biyu kusa da juna ku duba. Gani ya kori ji.